Ƙarfen da Inna ta Ɗauka Turke ne

Bodinga,
Ranar Talata, bayan la'asar.

Ummi ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, gajiyar hanya ta sake ki, kin kuma tarar da Baffanki Bello da iyalinsa lafiya. Allah Ya sa kin shiga Shagari a sa'a, Ya sa aikin koyarwar da aka tura ki ya zama alheri gare ki da ɗaliban da za a damƙa miki. Ya tsare ki daga sharrin abin da ke saukowa daga sama da abin da ke fitowa daga ƙasa.

Labarin gida ki nema wurin mahaifiyarki, ta fi ni iya ba da shi. Ni abu ɗaya ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya da muke ɗora kayanki a bas, na ga kin naɗe wayar eriya kin sa a buhu ɗaya da rediyonki. Na kuma ji kina gaya wa mahaifiyarki cewa Baffa yana da doguwar gora, akwai kuma itacen dogonyaro a tsakar gidansa, ranar Asabar za ku ɗaga wayar. Na buɗe baki zan yi magana, direba ya danna oda, sai na ji kaina ina cewa Allah Ya kiyaye hanya. Kin san halina. Abin da ya kamata in faɗa da baki, littafi nake kai wa. Jiya sau biyu na kira ki a waya, duk biyun na ƙare da tambayarki ko akwai sauro a ɗakin.

To ga shi a rubuce: kada ki ɗaga wayar nan sai na zo. Damina ta kama, kullum hadari yana haɗuwa a gabas. In kin karanta har ƙarshe za ki san dalili, kuma mai yiwuwa ki daina ganina yadda kike ganina. Na yarda da hakan.

Kin fi ni karatu. Kin sami lasisin yin magana ta rediyo, wanda ni ban taɓa samun ƙarfin halin nema ba. Ke kina magana da mutanen wasu ƙasashe su amsa miki, ni kuwa saurare kawai na yi duk tsawon shekarun nan. Saboda haka ba zan koya miki yadda rediyo ke aiki ba. Kurakuraina zan ba ki, don su kam na san su ciki da waje, kuma duk suna rubuce a littattafan nan masu baƙin bango da kike tsokanata a kansu.

Marigayi Malam Garba ne ya sa mini son abin nan. Ba ki san shi sosai ba. Tsoho ne da ya yi aikin gidan waya tun zamanin da ake aika saƙo da ƙwanƙwasa, ya ajiye aiki ya dawo unguwarmu. Shi ya nuna mini yadda ake miƙa doguwar waya daga kan gora zuwa reshen itace, rediyo ya riƙa kamo tashoshin da ƙaramar eriyarsa ba ta kaiwa. Ranar da muka gama ɗaurawa ya dube ni ya ce, "Yaro, ka san abin da kay yi yanzu? Ka miƙa ma sama hannu. Randa tag ga dama, tana kamawa." Na yi dariya, na rubuta maganar don ta yi mini daɗi. Ban ɗauke ta gargaɗi ba.

Da farko na ɗauka kashe rediyo ya isa. Daminar farko, duk sanda hadari ya taso sai in murɗa makunni, in rufe rediyon da ƙyalle, in zauna hankali kwance. Wata rana da azahar iska ta taso gaban ruwa, ina zaune sai na ji ƙas, ƙas, ƙas a bayan rediyon, kamar ana ɓare gyaɗa. Na leƙa na ga ɗan tartsatsi shuɗi yana tsalle daidai inda wayar ta shiga. Ko tsawa ba a fara ba. Maimakon in ja da baya, sai na kai hannu in cire wayar. Ta fizge ni har gwiwar hannu, na yi kwana biyu yatsuna ba sa jin biro. Da ruwan ya sauko aka yi wata tsawa can bayan gari, kuma da na kunna rediyon da yamma shiru, sai warin ƙonewa. Aradun ma ba a gidanmu ta faɗi ba. Wucewa ta yi, wayata ta ɗebo rabonta.

Ummi, abin da ya keto tun daga gajimare har ƙasa, ɗan ratan da ke cikin makunni ba zai tsayar da shi ba. Ki cire wayar eriya ɗungurungum daga jikin rediyo, ki fitar da bakinta waje ta inda ta shigo, nesa da gado da inda ake zama. Ki zare ta wuta daga bango, ki zare ta batir da ta sola, har da wadda ke haɗa shi da kwamfutarki. Ki yi haka tun hadari yana baƙi a nesa. In har kin ji tsawa, lokacin cirewa ya wuce. Ki bar shi ki matsa, rediyo ana samun wani. Abin da ya fi ma, ki mayar da shi a cire yake zama kullum. Da kin gama magana ki cire, da safe kafin ki tafi makaranta ki sake dubawa, don hadarin damina ba ya jiran a tashi daga aji. Bayan tsawa ta ƙarshe kuma ki bari kamar rabin awa ya wuce kafin ki taɓa komai. Ni har agogo nake dubawa, mahaifiyarki tana yi mini dariya.

Da na kai wa Malam Garba gawar rediyon, ya ce in yi wa wutar hanyar da za ta bi ta shige ƙasa, in ba haka ba za ta nemi tata ta cikin ɗaki. Na samo guntun rodi na gini, bai fi kamu ɗaya ba, na kafa a bayan ɗaki cikin busasshen rairayi. Na ɗaura masa siririyar waya irin ta fitila, na murɗa da hannu, na zagaya da ita kusurwa uku don kada ta ɓata mini fuskar bango. Na rubuta a littafi, "An gama aikin ƙasa." Da ya zo dubawa, da ƙafa ya tura rodin ya kwanta. Ya ce, "Wanga ko akuya ba shi riƙewa, balle aradu."

Ƙarfen ƙasa na gaske ya fi tsayin mutum, mai rufin jan ƙarfe in an samu, kuma duka ake buga shi. Ƙasarmu rairayi ce, ɗaya ba lalle ya isa ba. A buga biyu ko uku, a bar tsakaninsu tazarar da ta kai tsayinsu, a haɗa su da waya mai kauri. Wayar da ke sauka gare su ta zama mai kauri, gajeruwa, miƙaƙƙiya. Aradu ba ta son kwana, in ta tarar da lanƙwasa mai tsanani tsallakewa take yi ta faɗa kan abin da ke kusa. A ɗaure da noti, ban da murɗin hannu. Akwai ɗan abin nan da ake sa wa wayar eriya daidai inda za ta shiga ɗaki, mai karkatar da wutar zuwa ƙasa, kin fi ni sanin sunansa. A waje ake sa shi. In gidan Baffa yana da ƙarfen ƙasa na lantarki ko na sola, a haɗa shi da naki su zama abu ɗaya, don in aka bar su a rabe, wutar tana iya ratsa ɗaki daga wannan zuwa wancan. Gorar kada ta tsaya inda in ta faɗi za ta taɓa wayar lantarki. Itacen dogonyaron kuwa ki bar shi sam, a ƙarƙashinsa iyalin gidan suke shimfiɗa tabarma.

Ko kin yi duk wannan, kada ki ce kin gama da aradu. Ragewa ake yi. Na taɓa lura ina rubutu cewa hadari da haɗari ƙugiya ɗaya ce ta raba su, na ja layi a ƙarƙashi ina jin na gano wani abu. Lura kam na iya.

Duk abin da na faɗa zuwa nan mai sauƙin faɗa ne. Na daɗe a kansa ne don ina tsoron abin da ke biye.

Shekarar da kika cika goma na gyara komai yadda aka ce. Na sami dogon ƙarfe na gaske. Wurin da ya fi kusa da tagata, ya kuma fi danshi, shi ne gefen tsakar gida, 'yan taki kaɗan daga ɗakin Inna, kakarki. Can na buga shi. Wani mai aikin wayarin ya ce in haƙa kewayensa in zuba gawayi da gishiri, ƙasar za ta fi karɓar wuta. Na yi. Na bar kan ƙarfen a waje kamar taƙi ɗaya don in riƙa duba notin, kuma kowace Juma'a ina jiƙa gishiri a bokiti in zuba a gindinsa. Na ƙara da wata dabara da nake alfahari da ita: in hadari ya taso, sai in cire eriya daga rediyo in haɗa ta kai tsaye da ƙarfen, duk abin da ya sauko ya wuce ƙasa.

Ranar da nake bugawa Inna ta leƙo ta ce, "Mi kaka kafawa kuma a tsakar gida?"

Na ce, "Ƙarfe na kawai, Inna."

Ban ce mata hanyar aradu nake yi ba. Na san ba ta son rediyon, akwatin surutu take ce masa, kuma in ta ji sunan aradu, a ranar za ta sa in sauke wayar. Na zaɓi rediyona.

A lokacin Baffanki Bello saurayi ne, yana kiwon wani farin rago da ya ce na walimar aurensa ne. Ragon ya gano gishiri. Duk sanda aka sake shi sai ya nufi gindin ƙarfen yana lasar ƙasa. Inna ta ga haka ta ce tunda nan yake so, ga kuma turke a kafe, me za a wahala? Ta ɗaure shi a nan. Ba ta da laifi. Duk wanda ya ga ƙarfe a kafe a tsakar gida da kansa a waje, turke zai ce.

Na gani, Ummi. Wannan ba zan iya kauce masa ba, don yana rubuce da hannuna. Ranar Lahadi: "An ɗaure rago a ƙarfen ƙasa. Bai dace ba. A yi magana." Ranar Litinin: "Rago yana nan. Gobe." Ranar Talata ban ma ambaci ragon ba, na rubuta cewa na kama wata tasha mai nisa tar.

A cikin makon ne kuma irin albasar Inna ya ɓace, wanda take ƙullewa a tsumma ta ajiye a tukunya. Ta zargi Bello, don ya taɓa cewa zai yi lambunsa daban. Suka yi sa-in-sa a tsakar gida, maƙwabta suna ji. Bello da zafin kai na ƙuruciya ya ce, "Aradu ban ɗauka ba! In ni na ɗauka, ta hwaɗa ma abin da nika so!" Inna ta ce, "Kai, ruhe bakinka, damina ta!" Kin san yadda mutanenmu suka ɗauki wannan rantsuwa, duk da malamai sun sha hana ta.

Ranar Laraba bayan la'asar hadari ya haɗu. Ke kina Islamiyya. Na yi abin da na saba, na cire eriya daga rediyo na haɗa ta da ƙarfen, na koma ɗaki ina jin na yi daidai. Ina so in ce na manta da ragon. Ban manta ba. Na gan shi ta taga, na ce ai ruwa zai sa a kwance shi. Aka fara yayyafi, Inna ta fito da ƙwarya a kife a kanta za ta kwance shi. Saura taki huɗu ko biyar ta isa.

Haske na fara gani, fari fat, sannan wata ƙara kamar kwanon ɗakin ya tsage biyu. Da na fito, ragon yana kwance ƙafafu a miƙe. Inna tana kwance can gefe, ƙwaryar tana ta juyawa a ƙasa. Gidan duk warin ƙonannen gashi.

Maƙwabta suka cika gidan. Wani ya ce, "Kak ku taɓa ta! Wutar na jikinta! A samo nono tukuna a zuba mata!" Aka ruga neman nono a rugar bayan gari. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Malam Garba ya gaya mini, na rubuta, cewa wanda aradu ta taɓa ba ya riƙe wuta a jikinsa. Amma na tsaya cikin mutane ina kallon uwata a ƙasa, ina tambayar kaina, in fa ni ne ban ji shi daidai ba? Bello ne ya shigo a guje daga gona ya ture mutane. Aka riƙe masa riga, ya fizge, ya ce, "Uwata ta! In tana kisa ta kashe ni!" Ya sungume ta, aka samu mota zuwa asibiti. A hanya ta farfaɗo. Kunnenta na hagu ne bai dawo ba har yau.

In Allah Ya sa kin tarar da irin wannan, kada ki jira kowa. Ki taɓa mutumin nan take. Ki duba ko yana numfashi, in ba ya yi ki danna ƙirjinsa yadda aka koya muku, a janye shi cikin ɗaki, a nemi mota. Nono na sha ne. Ki koya wa ɗalibanki wannan tun kafin ki koya musu abin da ke cikin manhaja, don da yawansu a gona suke wuni da damina.

Ƙarfen kuma a binne kansa ƙasa da fuskar ƙasa, a yi masa ɗan rami mai murfi don dubawa. Kada a ɗaure dabba kusa da shi, kada a yi wanki, kada a shimfiɗa tabarma. Wutar in ta shiga ƙasa bazuwa take yi kewaye, ta shiga ta wannan ƙafa ta fita ta waccan, shi ya sa dabba mai ƙafa huɗu ta fi mutum kamuwa. Gishiri ni na bar shi. Yana kiran dabbobi, yana kuma cin ƙarfen a hankali. Amma abin da ya fi duk wannan, ki gaya wa kowa a gidan mene ne abin da kika kafa. Da baki, da kalmomin da za su gane, har da wanda ya fi kowa tsufa, har da wanda kika san zai ce bai yarda ba. In ya ce bai yarda ba, kin ji amsarki. Duk aikin da na yi a kan ƙarfen nan daidai ne a wajen wuta. Maganar da na ƙi yi ce ta kashe ragon, ta kurmantar da Inna.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi.

Kafin magariba, kowa yana asibiti, na dawo gida ni kaɗai. Wayar eriyar ta tsinke gida uku, bakinta ya narke ya dunƙule. Na tattara ta na naɗe na sa a ƙasan akwatina. Na kwance wayar da ke jikin ƙarfen. Ƙarfen ya koma turke zalla. Rediyon kuwa ko ƙwarzane bai yi ba, dabarata ta yi aiki.

Washegari magana ta gama unguwa. Bello ya rantse, aradu ta bi ragonsa, ta kuma taɓa wadda ya yi wa ƙarya. Komai ya zauna daram a bakin mutane. Wani maƙwabci mai lura ya ce mini, "Anya ba wayar ga taka ba ta?" Na shiga na ɗauko rediyon na kunna masa a zaure, na ce, "In ta nan tab biyo, da wanga na magana?" Ya gyaɗa kai ya tafi. Na rubuta a littafi cewa tambaya kawai na yi, ban yi ƙarya ba.

Malam Garba ya zo da sandarsa. Ya gaida mutane, ya wuce ya tsaya a kan ƙarfen ya daɗe. Ya ɗaga kai ya dubi gorar da babu waya.

"Ina wayarka?"

"Na sauke ta, Malam."

"Yaushe?"

Na kau da kai na dubi gorar.

Ya ce, "To." Daga ranar bai sake kirana yaro ba, bai sake tambayata me na kamo ba, har Allah Ya karɓi abinsa.

Iyayen yarinyar da Bello ke nema suka ce a dakata, dakatawar da ba ta ƙare ba. Aka laƙaba masa Bello Aradu. In ya yi magana a majalisa sai wani ya dubi sama, a yi dariya. Bayan girbi ya tattara ya koma Shagari. Watanni bayan haka na tsinci ƙullin irin albasar a wata tsohuwar tukunya a bayan rumbu, inda Inna da kanta ta sauya masa wuri ta manta. Na kai mata ina murna, ina cewa a raina Allah Ya wanke shi ba sai na yi magana ba. Ta juya ƙullin a hannunta ta ce, "Ya maido a ɓoye. Tsoro ya kama shi." Na koma ɗaki na rubuta, "Inna ba ta gamsu ba."

Shekara goma sha biyu ke nan. Kin ga yadda Baffanki yake zuwa da Sallah. Ya zauna a zaure, ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ya juya kafin la'asar. Kin taɓa tambayata me ya sa Baffa ba ya kwana, na ce miki aiki ne. Bayan shekara biyu na sake ɗaga waya a bayan gida, na yi ta yadda ya kamata, a kanta kika koya. Duk shekara ina cewa bana zan faɗa. Sai ga shi da aka tura ki Shagari, tun kafin in roƙa Bello ya kira ni ya ce, "Yaya, ɗiyarka ɗiyata ta, ɗaki na nan." Yanzu kuma da hannunsa zai ba ki gora, a ɗaga irin wayar da ta kore shi daga gidan ubansa, a tsakar gidan da 'ya'yansa ke wasa, bai kuma san komai ba. Wannan ne na kasa ɗauka.

Ummi, in kin yi kuskure ki faɗe shi a ranar. A ranar farko abin da ake bukata daga gare ni bai wuce in ce, wayata ce, Inna. Da an yi mini faɗa, da an sauke wayar, da an manta. Kowace shekara da na ƙara sai maganar ta ƙara tsawo, har ta zama takardar nan. Kada kuma ki bari a ɗora wa wani abin da ya fito daga kayanki don kawai labarinsa ya fi daɗin faɗa. Na ɗauka in na gaya wa littafi na sauke nauyi. Littafi ba ya yafewa, ba ya kuma mayar wa mutum da sunansa.

Yau da hantsi na ɗauki littafin waccan shekarar tare da naɗin wayar da ke ƙasan akwati, na shiga ɗakin Inna. Tana tsintar wake a faifai. Na zauna ta damanta, wajen kunnen da ke ji. Na fara da batun damina, na koma batun taki. Ta ce, "Kai, in mutuwa anka yi hwaɗa min, ka bar zagaye-zagaye."

Na faɗa mata duka. Na ajiye wayar a gabanta. Ta sa yatsa ta taɓa bakin da ya narke.

Ta ce, "Sake hwaɗi, ban ji da kyau ba."

Na san ta ji. Na sake daga farko, da gishirin, da ragon, da rediyon da na kunna a zaure. Da na gama ta ɗago ta dube ni.

"Ashe ba turke ba na."

"Ba turke ba na, Inna."

"Kuma ka gani na ɗaure."

"Na gani."

"Shi ko yaron ga shi ya ɗauke ni, kowa na gudu na." Sannan ta ce, "Shekara nawa nika amsa gaisuwatai da baki ɗai?"

Ban roƙi ta yafe mini ba, na ga ba ni ne a kan layi ba tukuna, ita ma ba ta ce ta yafe ba. Ta ture faifan gefe ta ce, "Yaushe za ka Shagari?"

Na ce, "Juma'a."

Ta ce, "Ka kama min gaba a mota. Ƙahwahuna ba su son baya."

Kin san rabon Inna da shiga mota tun rasuwar ƙanwarta.

To, za mu iso Juma'a da hantsi in Allah Ya yarda, kafin a tafi masallaci. Zan zo da ƙarfe uku, da waya mai kauri, da noti, da littafin. Takardar nan zan ba direban bas ɗin safe gobe, ya san makarantarku. Kada ki gaya wa Baffanki abin da ke ciki. Daga bakina ya kamata ya ji. Ki ce masa kawai ya zauna gida, Inna tana tafe. In ya ji ya ce ba za a kafa ƙarfe a gidansa ba, ko ya ce ba ya son ganina, gidansa ne kuma yana da gaskiya. Sai ki bar wayarki a naɗe, ki yi haƙuri da abin da mahaifinki ya jawo miki. In kuwa ya yarda, kafin a ɗaga guduma za a tara kowa, matarsa da yaransa, in nuna musu ƙarfen in gaya musu mene ne shi, da abin da irinsa ya taɓa yi a gidanmu.

Roƙo ɗaya nake yi miki. Na san kaina. Ina tsoron in zauna a gabansa in fara tambayarsa ya damina, ya sauro, har a kira salla mu tashi. In kin ga na kama wannan hanya, kada ki ji nauyina. Ki ce, "Baba, littafin." Zan buɗe.

Allah Ya tsare ki da tsarewarSa, Ya tsare rufin da kike kwana a ƙarƙashinsa da duk wanda ke ciki. Ya ba mu damina mai albarka, Ya saukar mana da ruwanta, Ya kawar mana da wutarta. Ya sa ki fi ni saurin faɗin gaskiya. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaida Baffanki da kyau, ki gaida iyalinsa.

Kafin Juma'a, wayar ta zauna a buhunta.

Wassalamu alaikum,
Mahaifinki.